Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Prefen Madarumfa: A Buɗe Wa Naƙasassu Hanyar Tafki, Da Gandun Daji, Da Kushewun Waliyyai

Zuwa ga Mai Girma Prefen Gundumar Madarumfa,
Jihar Maradi, Jamhuriyar Nijar.



Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da ban girma irin wanda ya dace da kujerarka, ina roƙon Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya yi maka jagora a kan nauyin da aka ɗora maka, Ya zaunar mana da gundumarmu lafiya tun daga Jiratawa har Ɗan Isa, daga Safo da Sarkin Yamma har Gabi. Ina kuma miƙa gaisuwa ta hannunka ga sarakunanmu da malamanmu, da ma'aikatan gandun daji, da jami'an tsaron da ke kwana a waje domin mu kwana a ɗaki.

Ni ɗan garin nan ne, a nan aka yanke mini cibiya. Shan inna ta kama ni ina yaro, kafin rigakafi ya kai kowane lungu, ta bar ni da ƙafafun da ba sa ɗaukata. Da keken guragu nake yawo, da ɗinki nake ciyar da iyalina. Na rubuto maka da yawuna da na ƴan'uwana guragu da makafi da kurame da waɗanda kuturta ta taɓa, maza da mata, waɗanda muke haɗuwa mu tattauna abin da ya dame mu.

Ba da son raina na fito da maganar nan fili ba. Mun bi ƙofofin da ake bi. Mun tashi a tarurruka mun yi magana, mun kai takarda inda ake kai takarda, an tarbe mu da fara'a, an ce za a duba. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, abin da ya tare mu yana nan inda yake. Shi ya sa na ga gara in rubuta maka a inda kowa zai gani, domin kai ne wakilin gwamnati a gundumar nan, kuma abin da ka ɗauka da muhimmanci kowane ofishi zai ɗauke shi da muhimmanci.

Maganar a kan abubuwa uku take, waɗanda su suka fitar da sunan Madarumfa: tafki, da gandun dajin da ke kusa da shi, da kushewun waliyyai 99 da suka kewaye ruwan. A shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta haɗa su ukun ta saka a jerin wuraren da take fatan hukumar UNESCO ta karɓa cikin kayan gadon duniya, kamar yadda ta karɓi Ayar da Tenere a 1991, da gandun dajin W a 1996, daga baya kuma tsohon birnin Agadas a 2013. A watan Disamba na 2019 tafkinmu ya shiga jerin Ramsar, wato wuraren ruwa masu daraja da ƙasashen duniya suka yi alkawarin kiyayewa. Ke nan gwamnati da bakinta ta shaida wa duniya cewa wurin nan gadon kowa da kowa ne. Ranka ya daɗe, mu muna cikin kowa da kowa, ko ba mu ciki?

Ka yi mini haƙuri in ɗan tsaya a kan dajin, domin in ba a san abin da ke cikinsa ba, ba za a gane girman abin da aka hana mu ba. Tarihin ƙasar Maradi ba ya rabuwa da itace. Da jihadi ya ci Katsina a farkon ƙarni na 19, gidan sarautarta, zuriyar Korau, ta yo arewa, Ɗan Kasawa ya kafa sarautarsa a Maradi, kuma duhuwar dajin gulbi na cikin abin da ya yi musu garkuwa daga mahayan da ke biyo su. Zamanin Turawan Faransa ya zo da noman gyaɗa, aka sare daji aka yi gonaki, aka kuma shata wasu wurare aka ce gandu ne, ba sara ba noma. Gandun Madarumfa, mai faɗin kimanin hekta 830, yana cikin abin da ya tsira. Sai fari ya biyo, na 1973 da na 1984, mutane suka ga ƙasa tsirara, iska na kwashe shuka tun tana jaririya. A nan Maradi aka yi babban taron ƙasa na yaƙi da hamada a watan Mayu na 1984, zamanin Seyni Kunce. A nan jihar ne kuma, tun daga 1983, wani mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, tare da manoman ƙauyukanmu suka fara abin da ake kira sassaben zamani: maimakon a tumɓuke kututture a ƙone tohonsa, sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bar su su zama itace. Yau daga ƙasashe masu nisa ake zuwa koyon wannan dabara, kuma a gonakin iyayenmu aka gwada ta. Dokar 1992 ta kawo kasuwannin itacen wuta na ƙauyuka, mutanen kewayen dajin Baban Rafi suka shiga ciki. Akwai dattawa da ransu da suka ga giwaye sun tsallako daga Najeriya sun zauna a dajin Baban Rafi, sun kuma ga tafiyarsu. Masunta za su gaya maka yadda Gulbin Gabi ke cika tafki, da yadda ruwan Gulbin Maradi ya sauya hali bayan an gina madatsar Jibiya.

Wannan tarihi har yau a bakin tsofaffi yake, da jikin itatuwa, da gaɓar ruwa. Wanda zai koye shi sai ya je wurin, ya zauna gindin kuka, ya ji daga mai gadin daji da masunci da mai maganin gargajiya. Duk wanda hanya ta hana zuwa, an raba shi da tarihin garinsu ke nan, ko da ba wanda ya yi niyyar raba shi.

Kukanmu na farko hanya ce. Daga inda mota ko kabu-kabu ke sauke mutum zuwa bakin ruwa, ko gindin itatuwan gandu, ko kushewun da ke warwatse, yashi ne da rani, taɓo da damina. Mai ƙafa biyu ba ya ko lura, iyaka ya kakkaɓe takalmi ya wuce. Keken gurgu kuwa da zarar ƙafar gaba ta shiga yashi sai ta lume, ka yi ta juya hannu har kafaɗa ta ɗauki zafi, keke bai gusa ba. Mai dogara sanduna biyu, sandar ce ke nutsewa ta kayar da shi. Makaho ba shi da bakin hanyar da sandarsa za ta bi, ga kututture, ga ƙaya, ga ramukan da ruwa ya zaizaye. Abin da ya rage shi ne a ɗauke ka.

Ranka ya daɗe, ina so ka auna wannan da zuciyarka. Magidanci mai mata da ƴaƴa, wanda ke biyan haraji, a cicciɓe shi gaban yaransa, wani ya kama hammata wani ya kama ƙafa, jama'a na kallo. Masu ɗaukar da kyakkyawar niyya suke yi, Allah Ya saka musu, amma wanda aka ɗauka shi ya san abin da ya ji, kuma da wuya ya so a maimaita. Na mata ya fi tsanani. Matar aure ko budurwa ba za ta yarda namijin da ba muharraminta ba ya rungume ta ya tsallakar da ita, kuma tana da gaskiya. Saboda haka sai ta zauna gida. Akwai mata a garin nan da ke cin kifin tafki, tarwaɗa da karfasa, suna jin labarin cikarsa kowace damina, amma rabonsu da ganin ruwansa tun suna goye a bayan iyayensu.

A wajen kushewu abin ya fi ciwo. Na san malamai sun saɓa a kan ziyara, kuma ban zo shiga tsakaninsu ba, kowa da malaminsa. Abin da na sani shi ne mutane na zuwa daga kusa da nesa, har daga tsallaken iyaka, kuma da yawa cikin masu ɗokin zuwa su ne tsofaffi da marasa lafiya da masu naƙasa, waɗanda ke ɗauke da damuwar da suke son kai wa Allah a wurin da zuciyarsu ta natsu. Sai ka ga an zo da tsohuwa daga nesa, an kashe kuɗin mota, an bar ta a inuwa a bakin hanya, jikokinta sun shiga sun yi addu'a a madadinta. Wanda ba ya zuwa don ra'ayinsa, wannan zaɓinsa ne. Wanda ke son zuwa yashi ya hana shi, wannan aikin hukuma ne ta gyara.

Kuka na biyu na makafi ne, kuma shi ne wanda ya fi ba ni takaici, domin maganinsa ya fi kowanne araha. Mutane na ɗauka cewa daji abin kallo ne, saboda haka makaho ba shi da abin yi a cikinsa. Wanda ya faɗi haka bai zauna da makafi ba. Ka ba makaho dama ya ɗora tafin hannunsa a jikin kuka, ya ji santsinta da faɗin da hannun mutum uku ba ya zagayewa, sa'an nan ka kai shi jikin ƙirya ya ji tauri da kaushin itacen da maƙera ke nema don gawayi da masassaƙa don turmi, ba zai ƙara haɗa su ba har abada. Ka ba shi ganyen sabara ya murza ya sunsuna, ka ba shi kanya da magarya da tsamiya ya ɗanɗana, ka gaya masa gawo na zubar da ganye da damina ya yi sabo da rani, shi ya sa manomi ke barinsa a tsakiyar gona. Da asuba a bakin tafki, shi zai riga ka bambance kukan kirinjijiya da na sauran tsuntsayen ruwa. Abin da ya rasa kawai shi ne hanyar da sandarsa za ta gane, da mutumin da aka koya wa yadda ake yi masa bayani ba tare da an ja shi da hannun riga ba.

Kuma mu ba baƙin wannan ba ne a al'adarmu da addininmu. Malam Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, amma waƙoƙinsa na Imfiraji sun shiga kowane gari na ƙasar Hausa, kuma makafi na cikin waɗanda suka haddace su suka yaɗa su. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ladanci, an kuma bar masa riƙon Madina ba sau ɗaya ba. Kowane almajiri ya san a kan wa aka saukar da farkon Suratu Abasa, kuma ya san neman ilimi ne ya kawo shi. Al'ummar da ke karanta wannan sura a sallah bai kamata a tsaya ana roƙonta ta gyara wa makaho hanyar neman sani ba.

Kurame su ƙafarsu na kai su ko'ina, amma in sun isa, bayanin da baki ake yin sa, su tsaya suna kallon leɓe. Ba allo, ba hoto, ba mai maganar hannu. Ga makarantar kurame a Maradi, kusa da mu, da malamai da tsofaffin ɗalibai da suka iya wannan aiki.

Na uku, zan faɗe shi ba kunya domin ba a gyara abin da ake jin kunyar faɗa: makewayi. Mai lafiya in ya matsu ya san yadda zai yi. Gurgu da ke jan jiki da hannuwansa fa? Ya shiga makewayin da ƙasarsa ke jiƙe, da tafin hannun da zai ci abinci da shi, ya yi alwala da shi? Ƙofar ma sau da yawa keke ba ya shigarta, ga dakali a bakinta, ba ƙarfen kamawa a ciki. Da yawa daga cikinmu in za mu fita irin wannan wuri sai mu ƙi shan ruwa tun safe, a ƙasar da zafin bazara ke wuce digiri 40. Wannan cuta ce muke saya wa kanmu saboda rashin ɗaki ɗaya da aka gina da tunaninmu. Haka maganar wurin zama a inuwa: tsoho da mai ciki da mai ciwon ƙafa duk suna buƙatar inda za su huta kafin su ƙarasa.

Na huɗu ba na gini ba ne, na ido ne. In gurgu ko makaho ya tunkari wurin da baƙi ke taruwa, abin da ake fara zato shi ne bara ta kawo shi. Wani ya miƙo masa sadaka, wani ya ce Allah Ya ba da haƙuri, wani ya ce ya matsa gefe baƙi na zuwa. Ya faru da ni, kuma ban riƙe kowa a zuciya ba, domin haka aka saba gani. Amma sabo ba hujja ba ne. Waɗanda kuturta ta taɓa su suka fi shan wannan. A gundumar nan asibitin Danja yake, wanda tun 1956 yake jinyar masu wannan ciwo, kuma likitoci sun daɗe da bayyana cewa kuturta na warkewa, wanda ya sha magani ba ya sa wa kowa. Duk da haka mutum ya warke shekara da shekaru, a ƙi zama tabarma ɗaya da shi. Sai kuma yaranmu. In makaranta ta shirya fita da ɗalibai ganin tafki ko dashen itace ranar 3 ga Agusta, yaron da ke da naƙasa shi ake cewa ya yi zamansa, don kada ya wahala. Ranar da aka dawo ana ba da labari, shi kaɗai ne ba shi da abin cewa. Yaron da aka yi wa haka sau biyu ya koyi darasin da ba ya cikin littafi, kuma wasu daga nan suke fara janye jiki daga makarantar baki ɗaya.

Ranka ya daɗe, abin da muke nema doka ta riga ta ba mu. Tun ranar 2 ga Maris na 1993 Nijar ta kafa doka mai lamba 93-012 a kan kare haƙƙin naƙasassu, aka yi mata gyara a 2010. A shekarar 2008 ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda sashenta na 9 ya wajabta a sauƙaƙa shiga gine-gine da hanyoyi da samun bayani, a birni da ƙauye, sashe na 30 kuma ya ambaci gidajen tarihi da wuraren yawon buɗe ido da wuraren al'adu masu muhimmanci ga ƙasa. A watan Disamba na 2019, watan da tafkinmu ya shiga jerin Ramsar, aka kafa doka mai lamba 2019-62 kan shigar da naƙasassu cikin al'amuran ƙasa. Ƙidayar 2012 ta nuna kashi 4.2 cikin ɗari na ƴan Nijar masu naƙasa ne, sama da mutum 700,000 a wancan lokaci. Kowace ranar 31 ga Yuli da 3 ga Disamba, ranakun naƙasassu, ana tara mu, a yi jawabi, a ɗauki hoto, wani lokaci a raba shinkafa. Muna godiya. Amma washegari dakalin da ya tare mu jiya yana nan, kuma dokar da ba a gani a ƙasa ba ta ɗaga keke daga yashi.

Na san abin da za a ce, kuma ba zan yi kamar ban sani ba. Za a ce gundumar na fama da ɓarayin shanu da masu satar mutane, ƙauyukan bakin iyaka ba sa barci da ido biyu, ga ƴan gudun hijira, ga ambaliya, ga tsadar abinci, wa ke ta hanyar gurgu zuwa bakin tafki? Wallahi mun san nauyin da ke kanka, kuma mu ma abin ya shafe mu fiye da yadda ake zato, domin in an kawo hari kowa ya ruga, gurgu da makaho ake bari a baya. Ba mu ce a kai mu cikin Baban Rafi ba. Maganarmu a kan abin da ke bakin gari ce. Sa'an nan ka duba waɗanda wannan fitina ke ƙaro mana: manomin da harsashi ya raba da ƙafarsa, sojan da ya dawo da rauni, ga na hatsarin babur da ba sa ƙarewa, ga masu shanyewar ɓarin jiki, ga tsufa da ke jiran duk wanda Allah Ya ja kwanansa. An kawar da shan inna ta daji daga Afirka a 2020, alhamdu lillahi, amma layin masu shigowa cikinmu bai yanke ba. Hanyar da za ka gyara mana yau, ba ka san wa zai bi ta gobe ba.

Maganar kuɗi kuma, abin da muke nema ba ya buƙatar injiniya daga waje. Marmara muke da ita a ƙasarmu, magina muke da su, masu walda muke da su, wasunsu ma guragu ne da ke ƙera kekunanmu da hannunsu. Tsada tana zuwa ne in an gama gini sa'an nan aka tuna da mu, a dawo ana fasa dakali ana faɗaɗa ƙofa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi sa ni rubutun nan. Wurin da ke jiran amincewar UNESCO, ba makawa wata rana za a zo da tsari da kuɗi: a kafa alluna, a gyara hanyoyi, a yi wurin tarbar baƙi, watakila a gina ɗakin da za a tara tarihin dajin da tafkin. Muna goyon bayan haka da zuciya ɗaya, mu ma muna roƙon a yi. Yamai na da gidan tarihin Bubu Hama tun 1959, inda aka ajiye gangar jikin itacen Tenere bayan mota ta kayar da shi a 1973, kuma masu sana'ar hannu na aiki a harabarsa suna sayar wa baƙi. Doso da Damagaram suna da nasu. In itace ɗaya ya cancanci rumfa a babban birni, ƙasar da ta dawo da miliyoyin itatuwa a gonakinta ta cancanci ɗaki. Tsoronmu shi ne a yi shi yadda aka saba: a zana a ofis, a ɗaga shi a kan matakala don ya yi kwarjini, a kulle komai cikin gilashi, a rubuta bayani da Faransanci kaɗai da ƙananan haruffa, ranar buɗewa a gayyato mu mu zauna a rana mu yi tafi. In aka yi haka, an gina mana sabon wurin da za a hana mu shiga, kuma wannan karon da kuɗin da aka karɓo da sunan al'umma duka.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Muna roƙon ka kira zama guda, ba na biki ba, wanda zai haɗa hukumar gari, da ma'aikatan gandun daji, da masu kula da al'adu da yawon buɗe ido, da wakilan sarakuna, da masu kula da kushewu, da masunta, tare da wakilan Tarayyar Ƙungiyoyin Naƙasassu ta Nijar na jihar Maradi da sarakunanmu na makafi da guragu da kutare. A tabbatar akwai mata a cikin wakilanmu, a kuma zo da mai maganar hannu. In an tashi daga zaman, muna roƙon ka taka da ƙafarka tare da mu, daga bakin hanya zuwa bakin ruwa, mu a kekunanmu da sandunanmu, ka ga inda muke tsayawa. Rabin yini ya isa.

Muna roƙon a fara da hanya ɗaya tak kafin damina mai zuwa. A zaɓi wurin da ruwa ba ya cinyewa in tafki ya cika, a zuba marmara a daddaɓe ta, faɗinta ya kai mita ɗaya da rabi, a jera duwatsu ko bulo a gefenta domin sandar makaho ta samu abin bi. Ta kai ga bakin ruwa, ta kai ga kushewa biyu ko uku mafi kusa bisa shawarar masu kula da su, ta shiga bakin gandu inda akwai itatuwa iri-iri. Ba a buƙatar sare ko da reshe ɗaya, ma'aikatan gandu su nuna inda za ta bi. Inda akwai tudu a yi gangara mai sauƙi: ƙa'idar da aka sani ita ce tashin santimita 10 na buƙatar tsawon santimita 120 aƙalla, in ta fi haka miƙewa ta zama tarko. A sa benci a inuwa nan da can. A gina makewayi ɗaya na maza ɗaya na mata, ba dakali, ƙofa mai faɗin santimita 90, da ƙarfen kamawa da mazauni.

Muna roƙon a ɗauki muryoyin dattawa tun suna raye, masunta da mafarauta da masu magani da matan da suka san kowane ganye, a ajiye su da Hausa da Fulatanci yadda za a saurara a waya ko a gidan rediyo. A jikin itatuwan da ke kan hanyar a sa alluna masu manyan haruffa da hoto, da boko da ajami, da rubutun makafi a inda ya samu, a tsayin da na zaune a keke zai karanta.

Muna roƙon a horar da matasa ƴan jagora, kuma a sa namu a cikinsu: makaho mai riƙe labari, kurma mai yi wa kurame bayani, gurgu mai karɓar baƙi a ƙofa. In an yi rumfunan sayar da kayan hannu, a ware mana namu. Ka kuma yi wa shugabannin makarantun gundumar nan magana cewa in za a fita da ɗalibai, a fita da su duka, ko da a amalanke ne.

Roƙonmu na ƙarshe shi ne ka sa hannu a takardar da ke cewa duk wani gini ko gyara da za a yi a tafki, ko gandu, ko kushewu, na gwamnati ne ko na ƙungiyar agaji, ba za a aza tubalinsa ba sai wakilan naƙasassu sun ga zanensa sun faɗi ra'ayinsu. Muna kuma roƙon ka ba mu amsar wannan wasiƙa a rubuce, da ranar da za a yi zaman, domin mu sanar da ƴan'uwanmu na ƙauyuka su shirya wakilansu tun da wuri.

Allah Ya taimake ka, Ya ba ka ikon yin adalci, Ya ba gundumarmu da ƙasarmu zaman lafiya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani tela, gurgu, ɗan garin Madarumfa,
a madadin ƴan'uwansa masu naƙasa.